Idan alƙali ya rufe littafi, wa ke da ikon sake buɗe shi?

Shekara tara Goggo ta yi tana shari'a a kan wata 'yar fadama da ba ta cika kadada ɗaya ba, gabas da ƙauyenmu a ƙasar Ringim. Ni nake raka ta tun ina aji uku a sakandare, don ni kaɗai ne a gidan nake iya karanta sammaci. Har yau ina ganin bencin nan na ƙarƙashin darbejiya a ƙofar kotu, da mai kunun zaƙi da ke zama a gefe, da yadda Goggo take kwance bakin zaninta ta ƙirga kuɗin motar komawa gida tun kafin masinja ya kira sunanta.

Fadamar gadonta ce daga kakanmu. Wani mai hali da ke sayen amfanin gona a kasuwarmu ya tashi ya ce mahaifinsa ne ya ba kakanmu aro. Alƙali ya saurari shaidu, ya tashi takanas ya je gonar, ya ga gambar iyaka da tsohuwar rijiyar da kakanmu ya haƙa, ya tambayi maƙwabtan gona, ya yi i'izari, wato ya tambaye su ko da sauran magana, sannan ya tabbatar wa Goggo da abinta. Mutumin ya yi afil, ya faɗi. Ya ƙara gaba, ya sake faɗuwa. Muka ce Alhamdu lillahi, an gama. Damina ɗaya muka samu ta kwanciyar hankali. Da kaka sai ga sabon sammaci daga wata kotu a wani gari, wannan karon da sunan ƙanin mutumin, wai shi ba a yi shari'a da shi ba, kuma yana da kaso a fadamar. Aka koma farko. Kafin wannan kotun ta gane cewa tsohuwar magana ce aka sauya wa riga, tumaki biyu sun tafi, awaki sun tafi, san huɗa ɗaya ya bi su, rani biyu ya wuce ba a dasa ko tumatur guda ba saboda an ce kowa ya dakata. Wata rana a bayan a-kori-kura muna dawowa, ƙura ta rufe mana fuska, ta ce da ni: "Ɗan nan, ni dai a ce an gama. Ko da ba ni za a ba wa ba, a dai ce an gama."

Wannan maganar tata ce take dawo mini duk lokacin da aka yanke wata babbar shari'a a Abuja, teburin mai shayi ya kaure da musu, wani ya ce ai kamata ya yi kotu ta sake duba hukuncinta, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, a ganinsu talaka ne zai amfana in aka bar ƙofa a buɗe. Abin da idona ya gani ya saɓa da haka. Wanda ke iya komawa kotu sau biyar shi ne mai kuɗin lauya sau biyar. Talaka numfashi ɗaya gare shi a shari'a, in ya yi nasara da shi sai a rufe littafi ya koma gona. Mai ƙarfi kuwa ba sai ya ci shari'a ba kafin ya ci gona. Ya ishe shi ya yi ta jan ta har mai gonar ya gaji ya sayar masa a wulaƙance.

Saboda haka ina tare da ƙa'idar da ta ce dole shari'a ta kai wani wuri ta tsaya. A Najeriya wurin shi ne Kotun Ƙoli. Sashe na 235 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a ɗaukaka ƙara daga hukuncinta zuwa ga wani mutum ko wata hukuma, in ban da ikon afuwa da shugaban ƙasa da gwamnoni suke da shi. Dokokin aikin kotun kuma sun hana ta sake bitar hukuncin da ta riga ta karanta, sai dai gyaran tuntuɓen alƙalami, ko cike abin da aka tsallake bisa kuskure, ko daidaita lafazi don ya fito da abin da ta nufa tun farko. Kotunan da ke ƙasa da ita ma haka abin yake. Da zarar alƙali ya karanta hukunci ya sa hannu, aikinsa a kan wannan ƙara ya ƙare. Ko da daddare wani tunani ya zo masa, ba shi da ikon kiran masu shari'a da safe ya juya magana. Wanda bai gamsu ba sai ya hau sama.

A 2020 an jijjiga wannan ƙofa sosai, kuma manya ne suka jijjiga ta. Ranar 14 ga Janairu Kotun Ƙoli ta cire Emeka Ihedioha daga kujerar gwamnan Imo ta ba Hope Uzodinma, bisa sakamakon rumfunan zaɓe 388 da ya ce an ƙi lissafa masa. Ranar 13 ga Fabrairu ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa ana gobe za a rantsar da shi, saboda matsalar takardun mataimakinsa. Duka ɓangarorin da suka faɗi suka koma suna roƙon kotun ta sake nazari. A ta Bayelsa, Mai shari'a Amina Augie ce ta karanta amsar, ta ce dole shari'a ta kasance tana da ƙarshe, kotun kuma ta ci manyan lauyoyin nan biyu, Afe Babalola da Wole Olanipekun, tarar naira miliyan 30 kowannensu. A ta Imo, ranar 3 ga Maris, alƙalai shida suka ƙi, ɗaya ya saɓa musu, marigayi Mai shari'a Centus Nweze, wanda ya ce kotun tana da ikon gyara kuskurenta, kuma wannan hukunci zai daɗe yana bibiyar shari'o'in zaɓe a ƙasar nan. Ni hukuncin Imo na farko bai kwanta mini ba, har yau. Duk da haka na fahimci abin da alƙalai shidan suka ji tsoro. Da sun buɗe wa Imo, da kowane ɗan takarar gwamna da ya faɗi ya dawo ya yi layi, jihohi su yi shekara huɗu ba a san mai kujera ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba.

A wani ƙauye kusa da namu, wani dattijo ya rasa gonarsa a kotu bisa shaidar mutum biyu da suka ce a gabansu aka yi cinikinta. Ya rantse ya maya bai taɓa sayar da gona ba, amma shaidu biyu sun tsaya, alƙali ya yi hukunci da abin da ya bayyana a gabansa. Dattijon ya yi afil sau ɗaya, kuɗi suka ƙare, ya haƙura, bayan 'yan shekaru ya rasu. Can baya ɗaya daga cikin shaidun ya kwanta ciwon ajali. Ya sa aka kira liman da 'ya'yan mamacin, ya ce shi bai ga ciniki ba, buhun gero da 'yan kuɗi aka ba shi ya faɗi abin da ya faɗa, su yafe masa. Kwana huɗu tsakani ya cika. 'Ya'yan suka zo wurina, tun da ni malamin makaranta ne kuma ni ke rubuta wa mutane takarda. Babbansu ya ce: "Malam, yanzu gaskiya ta fito daga bakin wanda ya binne ta. Ina za mu kai ta?" Na raka su wurin lauya a Dutse. Ya ce lokacin afil ya wuce tuntuni. Ya ce doka ta yarda a shigar da sabuwar ƙara don a soke hukuncin da aka samu ta hanyar yaudara, amma sai an kawo hujja mai ƙarfin gaske, ga shi mai maganar yana kabari, ɗaya shaidan kuma ba zai tona wa kansa asiri ba. Ya faɗi abin da za a kashe. Kuɗin ya kusa kai darajar gonar.

Waɗannan gonaki biyu su ne suka hana ni karɓar amsa mai sauƙi. Kuma da na koma ga littattafanmu, sai na tarar magabata sun riga mu zama a kan wannan matsala.

Kowane ɗalibi ya san wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari, inda ya ce kada hukuncin da ka yanke jiya ya hana ka komawa ga gaskiya in ka sake tunani aka shiryar da kai, domin komawa ga gaskiya ya fi zarcewa cikin ɓata. Masu son a buɗe kowace shari'a da ita suke kafa hujja. Amma shi Sayyidina Umar ɗin ne ya raba gadon wata mata da ta bar miji da uwa da 'yan'uwa li'ummai da shaƙiƙai, ya ba miji rabi, uwa sudusi, li'ummai sulusi, shaƙiƙai suka tashi a tutar babu. Daga baya irin wannan mas'ala ta sake zuwa, shaƙiƙan suka ce a ɗauka ubansu ba kowa ba ne, ai uwa ɗaya ta haife su duka, sai ya haɗa su da li'umman a cikin sulusin. Da aka tuna masa hukuncinsa na farko, bai aika a kira mutanen farko a sake rabo ba. Cewa ya yi wancan yana nan a kan abin da muka hukunta, wannan kuma a kan abin da muke hukuntawa yanzu. Daga irin wannan ne malamai suka fitar da ƙa'idar cewa ijtihadi ba ya warware ijtihadi. Alƙali zai iya sauya fahimta don shari'ar gobe ba tare da ya tone ta jiya ba. Abin da marigayi Mai shari'a Chukwudifu Oputa ya faɗa ke nan a Kotun Ƙoli a 1989, a shari'ar Adegoke Motors da Adesanya: hukuncinsu bai zama na ƙarshe don ba sa kuskure ba, rashin wata kotu a samansu ne ya sa ake ɗaukarsu marasa kuskure, kuma in suka gane wani tsohon hukuncinsu ya karkace, gara su amsa kuskure su sauya hanya da su dage a kansa.

Abin da ya fi burge ni a fiƙihun Malikiyya shi ne, sun rufe ƙofar, sannan suka rubuta wuraren da za a buɗe ta tun kafin rigima ta taso. Malamai irin su Ƙarafi sun ce ana warware hukuncin alƙali in ya saɓa wa nassi, ko ijma'i, ko ƙa'idojin shari'a, ko ƙiyasi bayyananne. In saɓanin fahimta ne kawai, hukunci ya zauna. A Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda da wuya ka rasa ta a teburin alƙalin ƙasar nan, akwai babin ta'ajizi: in aka ba mutum wa'adi ya kawo hujja ya kasa, alƙali ya rubuta gazawarsa, ba za a sake sauraron wata hujja daga gare shi a kan wannan da'awa ba. Sai aka toge abubuwa biyar, wato hubusi (waƙafi), saki, nasaba, jini da 'yanta bawa. Dubi abin da aka toge. Duk abubuwa ne da kuskure a cikinsu ya wuce asarar dukiya: mace ta zauna da wanda ya sake ta, ɗa ya rasa ubansa, ɗa mai 'yanci ya ƙare a bauta. Shi kansa i'izari, tambayar nan da alƙali yake yi kafin hukunci, "kana da sauran magana, kana da wata hujja?", an sa shi ne don kada a rufe littafi a kan mutumin da bai gama ba. Shi ya sa rashin yin sa kaɗai kan sa kotun sama ta rushe shari'a ta ce a sake.

Kotun Ƙolin Najeriya ita ma ta sha faɗa a hukunce-hukuncenta cewa za ta iya jingine hukuncinta in an same shi ta hanyar yaudara, ko ya tabbata ba ta da hurumi, ko an ruɗe ta ta zaci ɓangarorin sun amince alhali ba su amince ba. To taga tana nan. Damuwata ita ce tagar a warwatse take cikin tsofaffin hukunce-hukunce, babban lauya ne kaɗai ya san inda take, kuma waɗanda za ka roƙa su buɗe ta galibi su ne waɗanda kake cewa sun yi kuskuren. Ga tsoron tara a kan lauya. Bayan abin da ya faru a ta Bayelsa, wane ƙaramin lauya ne zai ɗauki takardar wani manomi ya je ya ce wa Kotun Ƙoli an yaudare ta?

Mu a wannan yanki mun ga yadda ko gyaran tuntuɓen alƙalami kan tayar da gari. Ranar 17 ga Nuwamba 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukuncin da ya tabbatar da cire Gwamna Abba Kabir Yusuf na Kano. Da kwafin hukuncin mai hatimi ya fito, sai aka ga wasu layuka a ƙarshensa suna faɗin akasin abin da aka karanta. Kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Rabin gari ya yarda, rabi ya ƙi, har direbobin da ke lodi daga Ringim zuwa Kano suna gardamar abin da ke shafi kaza. Abin da ya kashe wutar shi ne akwai kotu a sama, wadda ta yanke nata ranar 12 ga Janairu 2024 ta bar gwamnan a kujerarsa. Na sha tambayar kaina, da a kwafin Kotun Ƙoli aka ga irin wannan, wa za a kai wa kuka?

Wasu ƙasashen da muka gaji tsarin kotu ɗaya da su sun rubuta amsarsu a fili. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 133, ya ba Kotun Ƙolinsu ikon bitar hukuncinta, da sharaɗin alƙalai aƙalla bakwai su zauna. A Ingila, a ƙarshen 1998, kotu mafi girma ta lokacin ta soke hukuncin da ta yanke a kan tsohon shugaban Chile, Janar Pinochet, bayan ta tabbata ɗaya daga cikin alƙalan, Lord Hoffmann, yana da alaƙa da ƙungiyar Amnesty International wadda ta shiga cikin shari'ar. Aka zaunar da wasu alƙalai dabam aka sake sauraro. Martabar kotun ba ta zube ba don ta yi haka.

Abin da nake so Majalisar Tarayya ta yi, duk ranar da ta sake zama gyaran kundin tsarin mulki, shi ne ta yi irin aikin Ibn Asim. A bar sashe na 235 yadda yake, a ƙara masa togaciya a rubuce da kowa zai iya karantawa: yaudara ko shaidar zur da aka tabbatar, hukunta mutum ba tare da an kai masa sammaci ba, alƙalin da ke da wata maslaha a ɓoye cikin shari'ar. Cewa "alƙalai ba su fahimci doka ba" kada ya shiga ciki, domin duk wanda ya faɗi haka yake cewa. Shari'ar zaɓe kuma a bar ta a rufe, tun da dama kundin ya ƙayyade mata kwana 180 a kotun zaɓe da kwana 60 a kowane matakin ɗaukaka ƙara. Sannan abin da ya fi mini muhimmanci, saboda Goggo: mai neman a sake buɗewa ya fara miƙa hujjarsa a takarda ga alƙalan da ba su zauna a shari'ar farko ba, kada a aika wa wanda ya yi nasara sammaci, kada a hana shi shiga gonarsa, har sai sun duba sun ga akwai ƙamshin gaskiya. In babu, a mayar masa da takardarsa, ita kuwa mai fadama ba ta ma san an yi ba. In aka kira ta kuma ya sake faɗuwa, ya biya ta har kuɗin mota da abincin shaidu.

Inda na fi jin zafi shi ne shari'ar laifi. Gona in ta tafi ana iya biyan diyya. Mutumin da ke jiran igiya, ko wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai, in Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncinsa sannan bayan shekara goma shaida ya ce ƙarya ya yi, hanyar da ta rage masa a aikace ita ce afuwar gwamna a ƙarƙashin sashe na 212 ko ta shugaban ƙasa a ƙarƙashin sashe na 175. Afuwa kuwa mai laifi ake yi wa. Mutum ya fito a ce an yafe masa abin da bai aikata ba, ya koma ƙauye ana nuna shi da baki, a hana 'ya'yansa aure. Ingila ta kafa hukuma mai zaman kanta da ta fara aiki a 1997, aikinta bincikar irin waɗannan koke-koke ta mayar da masu ƙarfi gaban kotu, bayan shari'o'i irin ta mutum shida na Birmingham da suka yi shekara 16 a kurkuku kafin a wanke su a 1991. Mu da bincikenmu ya dogara kacokan a kan bakin shaida da takardar amsa laifi, mun fi su buƙatar irin wannan hukuma, kuma bai kamata a sa wa wannan wa'adi ba matuƙar mutum yana numfashi.

Na san doka ba za ta kamo kowace ƙarya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa a hadisin Ummu Salama cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, duk wanda aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa to yankin wuta aka yanka masa. Da wannan hadisi liman ya je wurin 'ya'yan mutumin da ya ci gonar dattijon nan, shi da dagaci, bayan sallar la'asar. Suka zauna a zaure, ya faɗa musu abin da ya ji da kunnensa daga bakin mai mutuwa, ya roƙe su ko rabin gonar su mayar. Babban ya saurara har ƙarshe, ya shiga gida ya fito da kwafin shari'a a cikin leda, ya ce: "Allah gafarta Malam, kotu ta riga ta gama magana." Bana riɗi suka shuka a gonar. 'Ya'yan dattijon biyu suna cikin waɗanda aka ɗauka ƙwadagon yanka shi.